Gida Ya Yi Ciyawa

A Hausa in aka ce gida ya yi ciyawa, ba yabo ba ne. Ana nufin masu shi sun tashi, ko maigidan ya rasu magada sun watse, ko kuma matan gidan sun yi hannun riga da tsintsiya. Ciyawa a wurinmu hukuncinta biyu ne: in a gona take a nome ta, in a daji take a yanko ta a zuba wa dabba. Shi ya sa har yau ba mu da kalma guda da muke kiran wannan shimfiɗaɗɗiyar korar ciyawa da ake dasawa a gaban gida don kallo kawai, a yi ta ba ta ruwa, in ta yi tsawo a aske ta, a kwashe askin a zubar. Masu sayar da furanni a bakin titi suna ce mata kafet. Wata irin su ce Bahama, wata su ce ta Fatakwal. Duk sunayen baƙi ne.

Mu da muka tashi a Jama'a, ga Samaru a gefe guda ga Sabon Gari a ɗaya gefen, mun san ta tun muna yara, amma daga nesa. A gidajen malaman Jami'ar Ahmadu Bello muke hango ta, da tsofaffin gidajen Turawa na GRA. A idonmu na lokacin, gidan da ke da ita gidan wanda ya yi karatu ne. Ba mu taɓa tambayar daga ina ta zo ba, balle nawa take sha.

Daga Ingila ta zo. Can ne attajirai masu manyan filaye suka mayar da ita ado tun ƙarni na 18, don nuna suna da ƙasar da ba sa bukatar nomawa, da barorin da za su bi ta da lauje. Sai a 1830 wani mutum mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yankan ta, ya kwaikwayo shi daga na'urar da ke aske gashin yadi a masaƙa, daga nan mai ƙaramin ƙarfi ma ya iya ajiye ta. Abin da ya fi ɗaure mini kai a labarin shi ne lissafin ruwa. Ruwan saman da ke sauka a Landan a shekara bai wuce kimanin milimita 600 ba. Na Samaru ya kai kimanin 1,000. Mun fi su ruwa, nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne nasu yayyafi ne da ke rarrabe cikin wata 12, a ƙarƙashin rana mai sanyi. Namu kuwa a wata biyar yake zubowa, daga Mayu zuwa Satumba, wani lokaci ya ɗan taɓa Oktoba, sannan sama ta rufe bakinta har wata bakwai, hunturu ya busar da abin da ya rage, bazara ta ƙone shi. Turawan da suka zauna a Arewa su ma sun gane haka. A filayen wasan golf da dama da suka yi a nan, wurin da ramin ƙwallo yake ba ciyawa suka dasa ba, yashi suka cakuɗa da baƙin mai suka baje. Kama da wane ba ta wane.

Bari in yi lissafin a fili, don shi ne ya raba gardama a gidanmu. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne irin wannan ciyawa tana son ruwan da ya kai zurfin milimita 25 a mako kafin ta zauna kore. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ke nan. Fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 zai sha lita 2,500 duk mako. Jarka 100 ke nan ta lita 25, wato kurar 'yan garuwa wajen 10. Ka ninka da makonnin rani, ka tasam ma kura 300. Wannan ma lissafin mai sauƙi ne, don a Maris da Afrilu ƙasa ta fi haka ƙishi. A unguwar da yara ke sammakon layin rijiya kafin su tafi makaranta, ban san da wane ido mutum zai kalli maƙwabcinsa yana ba ciyawar kallo kura 300 ba. Ko a Amurka, inda ciyawar ta zama kamar farilla, an fara ja da baya. A 2021 jihar Nebada ta yi dokar da za ta hana ba ciyawar ado ta gefen tituna da gaban ofisoshi ruwan kogin Kolorado a yankin Las Begas daga 2027, kuma sun daɗe suna biyan masu gidaje kuɗi don su tumɓuke tasu.

Maganar ta shigo gidanmu ne bayan an gyara katanga an ɗaga ƙofa. Yayanmu da ke aiki a Abuja, wanda shi ya ɗauki nauyin gyaran, ya turo hoto ta WhatsApp: wani gida, kore shar tun daga bakin ƙofa har gindin baranda. Ya ce haka yake son a yi wa Inna. Na tura masa lissafin kura. Bai yi musu ba, sai ya ce to a shimfiɗa intalok ko'ina, daga ƙofar gida har bakin madafi, a huta da ƙura a huta da taɓo.

Na kai wa Inna saƙon. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Ka ce wa wancan na Abuja na gode, Allah ya yi albarka. Amma ka tambaye shi, in ya rufe ƙasar duka, ruwan sama ta ina zai shiga rijiya?"

Inna ba ta yi boko ba, amma tambayarta ita ce ta masana ƙasa. Zariya a kan dutse take zaune, irin wanda ya leƙo waje a Kufena. Babu wani tafki a ƙarƙashinmu. Ruwan rijiyoyinmu yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen dutse da marmara da ke saman wannan fa, kuma abin da ya tsuma daga damina shi ke cika shi. Gida ɗaya in ya shafe tsakar gidansa da siminti ba za a ji a jika ba. To amma ka bi layukan sababbin unguwanni ka gani, kowa ya gina ya shafe, kowa ya fito da bututu ya juya wa titi. Ruwan da ya kamata ya nutse ya zama na gudu, ya ci hanya, ya shiga gidan wanda ke gangare, ya ɗebi ƙasa da leda ya nufi Kubanni. Ita Kubanni an datse ta a 1973 don jami'a ta samu ruwan sha, kuma cikewar madatsar da laka tsohuwar damuwa ce da malaman jami'ar suka daɗe suna rubutu a kai. Abin da ya tsallake ya bi ta tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari ya faɗa Galma. Sannan ga zafi. Duk wanda ya taka intalok ba takalmi da azahar a watan Afrilu ya san abin da nake faɗi, kuma zafin da ya sha da rana shi yake amayarwa da dare, lokacin da mutane ke shimfiɗa tabarma a waje don ɗaki ba ya kwantuwa.

Sai dai kada a ɗauka barin ƙasa tsirara shi ne mafita, ko da yake shi muka gada. Ƙasar Samaru da kewaye tana da laushi, akwai ƙurar hunturu ta dubban shekaru a cikinta. In ɗigon ruwan farko ya dake ta ba abin da ya kare ta, sai samanta ya yi ɓawo kamar ƙanzo, ruwa ya riƙa zamewa a kai maimakon ya shiga. Ga kuma shara. Kullum safiya tsintsiya na ɗebe 'yar ƙasa kaɗan, a haɗa da ganye a kai bola ko a cinna wuta. Shekara 30 ana haka. A tsofaffin gidaje za ka ga dokin ƙofa ya yi sama, tushen katanga ya fito, saiwar mangwaro ta kwanta a fili kamar jijiyar hannun tsoho. Ba ginin ne ya tashi ba, tsakar gidan ce ta sauka.

Kakanninmu sun san da wannan, kuma amsarsu ita ce daɓe. A zuba tsakuwar marmara, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna bugawa suna waƙa, a bi da ruwan makuba da aka jiƙa daga kwasfar ɗorawa, har ƙasa ta yi baƙi-baƙi ta yi sheƙi. Daɓe ba ya tsuma ruwa sosai, amma ba ko'ina ake yin sa ba. Ɗaki ake yi wa, da wurin zama, da wurin shanya. Sauran gidan a bar wa turken awaki, da gindin rumbu, da bayan ɗaki inda kabewa ke yaɗo ta hau danga. Gidan Bahaushe bai taɓa zama shimfiɗa iri ɗaya daga bango zuwa bango ba. Tsakar gida wurin daka ce, wurin shanyar barkono da kuɓewa, wurin kafa tukwanen suna da na biki. Kafet ba za ta jure turmi ba, balle murhu uku na ranar ɗaurin aure.

Da muka tsaya a kan cewa ba kafet ba intalok, sai na fara kallon abin da ke fitowa da kansa, wanda a da da fartanya muke gaishe shi. Na farko kiri-kiri. Abin dariya, ita ce dai wadda masu furanni ke sayarwa da sunan Bahama, ga ta kyauta a bakin kowace kwata da filin ƙwallon kowace firamare. Tana yaɗo ta sama, tana kuma tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa manomi ya tsane ta: ka sare ta gunduwa-gunduwa, kowane gutsure ya zama sabuwar shuka. Wannan taurin kan shi ake nema a ƙofar gida. Tana jure taku, tana jure kiwo, ba ta tsawon da za ta ɓoye wani abu. In rani ya yi sai ta bushe ta koma ruwan ƙasa, mai kallo ya ce ta mutu, alhali barci take. Saiwarta na riƙe da ƙasa duk tsawon hunturu, kuma ruwan farko na sauka, cikin 'yan kwanaki ta farfaɗo. Sharaɗinta guda ne, ka yarda ƙofar gidanka ta yi kalar rani da rani. Ni ban ga abin kunya a nan ba. Kuka ma tana zubar da ganye, ba wanda ya ce a sare ta. Aibinta biyu: ba ta son inuwa, kuma in ba ka yi mata iyaka da bulo ko dutse ba, za ta shiga duk inda ka shuka wani abu ta shaƙe shi. Askinta kuwa tumakin maƙwabta sun ɗauke mana.

Na biyu gadagi, kuma shi na fi so. Ɗan ƙaramin ganye gare shi mai zagaye, yana kwanciya lif a ƙasa. Duk mai doki a Zazzau ya san darajarsa, ɗauri-ɗauri ake sayar da shi, masu kiwon ragon layya ma suna nema. Dangin wake ne da gyaɗa, wato irin tsiran da saiwarsu ke da 'yan ƙulle-ƙulle inda wasu ƙwayoyin halitta ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi taki. Ma'ana yana rufe ƙasa yana kuma ciyar da ita. Ban shuka shi ba. Na dai hana a cire shi, na bar shi ya yi 'ya'ya ya zubar, shekara ta zagayo ya ninka. A nan ne abin ke ba ni takaici kaɗan. Muna zaune a tsakanin cibiyoyi biyu da duk Afirka ta Yamma ta san su a wannan fanni: ta binciken aikin gona a Samaru, wadda tushenta ya koma 1922, da ta binciken dabbobi a Shika, wadda ta faro a matsayin gonar kiwo a 1928. Shekaru da dama ana gwada ciyayi da dangin wake masu yaɗo a waɗannan wurare, ana auna wanda ke jure farinmu da wanda ba ya jurewa. Irin wake da na gyaɗa da Samaru ta fitar sunanta suke ɗauke da shi, SAMPEA da SAMNUT. Amma in ɗan unguwa ya tashi gyara gabansa, hoton gidan wata ƙasa yake dubawa a waya.

Bayan ɗakuna da gindin katanga, inda ba a takawa, Inna ta karɓe. Dankali ta sa a bi da shi. Yankan yaɗonsa ake binnewa a farkon damina, kafin wata biyu ya rufe ƙasa ruf, ciyawa ba ta samun hasken fitowa, ganyen na awaki, in kaka ta yi a haƙe a dafa. Ta sa wake mai yaɗo a ɗaya gefen, wanda in an tsince shi ake naɗe harawa. Ni na roƙi abu ɗaya, a yanke daga sama a bar saiwar a ƙasa, kada a tuge. Sai yaɗiya, da ta sa aka kawo mata daga wajen danginta na ƙasar Katsina. Gaskiya yaɗiya ba ta yin shimfiɗa mai kauri, kuma da ta samu abin kamawa sai ta hau, dole a riƙa datse ta. Amma a watan Maris, lokacin da komai ya ƙone, ita kaɗai ke kore a gidan ba tare da an ba ta ko kofi ɗaya ba, kuma kwaɗonta da ƙuli-ƙuli ya sha fitar da mu kunyar baƙin rana. Wurin alwala kuma na'a-na'a ce. Ruwan buta biyar a yini na mutum shida ya ishe ta har ta yi yawa. Ruwan wanki dai ba ma juya mata, sabulun gari yana ƙona ƙasa a hankali.

Ƙanwata ta kawo wani fure mai ganye kamar tsinke, cike da ruwa, wanda ke buɗewa da hantsi ya rufe kafin la'asar, shi ya sa ake ce masa furen ƙarfe goma. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne. Ka karya reshe ka soka a ƙasa, ya kama. Yana son rana da tsandauri, ba ya son taku, kuma in ruwa ya kwanta masa a Agusta ruɓewa yake. A gefen baranda ya dace, ba wani wuri ba.

Akwai masu yaɗo da ba a yi musu maraba. Tsidau yana kwanciya kamar mutumin kirki, da furensa rawaya, sai ya yi 'ya'ya yara su kasa fita ba takalmi. A cire shi tun yana fure. Aya-aya in ta shiga ba ta fita. Duman kada kuwa, mai faffaɗan ganye da fure ruwan hoda, yana rufe wuri da sauri har ya burge ka, amma guba ne ga awaki da tumaki, in sun ci da yawa sai ka ga suna makyarkyata suna tangaɗi. Gidan da ke da dabbobi ba ruwansa da shi.

Babbar hujjar masu shara da masu siminti ita ce maciji, kuma ba hujjar wasa ba ce. Wanda ya taɓa ganin saran kububuwa ba zai so a yi masa dogon turanci a kan kare muhalli ba. Gwaggona da ta zo ta ga bayan ɗaki ya yi kore, ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu kai da iliminka, kiwon gamsheƙa za ka yi wa uwarka?" Na ce, "Gwaggo, ki duba tarin itacen da ke bayan ɗakinki tukuna." Ta harare ni, amma ta san gaskiya ce. Maciji abinci yake bi da maɓoya: ɓera, kwaɗo, tarin bulo, tsohon kwano, ramin gara. Duk da haka mun ɗauki maganarta. Mun bar tazarar taku biyu tsakanin kowane bango da kowace shuka, aka zuba tsakuwa, don a riƙa ganin abin da ke wucewa, don kuma danshi da gara su nisanci gini. Duk abin da ke hanyar banɗaki da dare bai wuce idon sawu ba. Sauro ma haka: a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, ba a ganye ba, amma yana fakewa a duhuwa da rana, don haka ba a barin yaɗo ya yi tsibi kusa da taga.

Gindin mangwaro ne ya fi ba mu wahala, don ba abin da ke yarda ya fito a wannan inuwa. A ƙarshe muka daina yaƙi da shi. Aka kewaye shi da bulo layi ɗaya, ganyen da ya zubo a share shi zuwa ciki maimakon bola, a ƙara da ɓawon gyaɗa in an samu. Gara tana ci, ta mayar da shi ƙasa, kaji suna bin garar. Samun Inna ta yarda a bar busasshen ganye a tsakar gidanta da gangan ya ɗauki damina guda cur, kuma har yanzu in za a yi baƙi sai ta sa an kwashe.

Ba zan ce wannan tsari ba ya son aiki ba. A farkon damina akwai makonni uku ko huɗu na tsugunno, ana bambance gadagi da tsidau, ana tuge ƙarangiya da kyasuwa kafin su yi kai. Wanda bai san ganye ba zai ga duk ɗaya ne, ya ɗauko maganin feshi ya kashe mai amfani da marar amfani. Yaran gidan yanzu sun iya, har gardama suke a kan sunaye, su je su tambayi Inna ta raba. Bayan wannan sai datsa jefi-jefi. Rani kuwa ba a yin komai.

Yaya ya zo hutun babbar Sallah, ya zagaya gidan hannu a baya bai ce uffan ba. Da ya dawo zaure ya ce shi dai motarsa ba za ta kwana a taɓo ba. A nan ya fi ni gaskiya, don kiri-kiri ba ta jure tayar mota a watan Agusta. Aka shimfiɗa intalok layi biyu, daidai faɗin taya, daga bakin ƙofa zuwa inda yake tsayawa, a kan yashi ba siminti a ƙasa, aka bar tsakiya ciyawa ta cike. Wurin girki da wurin shanya aka zuba marmara aka daddaɓe. Ragowar kuɗin Inna ta ce a kira masu yasa, aka yashe rijiya aka ɗaura mata sabon murfi.